Saurayin da Na Ɗebi Jininsa Ranar Talata

Jama'a, yau ba doguwar gaisuwa, ku gyara zama kawai. Abin da ya same ni ranar Lahadin nan har yanzu bai bar ni na ci abinci da daɗi ba. Ga wanda yau ya fara leƙo shafin nan, sunana Fuatino, a gida Tino. Shekarata talatin da ɗaya, ba miji, ba saurayi, kuma a cocinmu na 'yan Samoa da ke Logan, kusa da Brisbane a Ostireliya, wannan kaɗai ya isa a riƙa sa mutum a addu'a tare da marasa lafiya. Sunayen da za ku gani duk na canza su, har nawa, don haka 'yan bin diddigin cikinku su huta.

In Mama tana cikin farin ciki, ni likita ce. Haka take faɗa wa matan coci tana kaɗa maficinta. In na ɓata mata rai kuwa, ni ce "waccan mai ɗibar jinin mutane tana rubuce-rubuce". Ni dai aikina kula da gwajin sabon magani ne a wani asibiti a Brisbane. Digirin jinya na fara yi, na ƙara da na biyu a kan lafiyar al'umma, ga takardar ƙa'idojin gwaji da sai an riƙa sabunta ta kamar lasisin tuƙi, har da wata ta koyon yadda ake shirya jini cikin ƙanƙara a aika shi ta jirgi. Duk suna jere a bangon falonmu, Mama da kanta ta sa musu gilashi. Ita ɗin ce kuma take tsayawa a gabansu ta riƙe ƙugu ta ce, "To, a cikin waɗannan wacce ce za ta haifa min jika?"

A takarda likita ne babba, amma shi leƙowa yake ya sa hannu ya wuce. Ni ke neman masu sa kai. Ni ke zaunar da mutum in karanta masa komai dalla-dalla, amfanin da haɗarin, sai ya ce ya gane ya yarda. Ni ke kiransu in ce kada a karya kumallo kafin ɗibar jini, su ce to, washegari su shigo suna ƙamshin soyayyen ƙwai. In juya jinin a inji, in sa a firiza, in shigar da lambobi, sannan wata baiwar Allah daga kamfanin maganin ta taso takanas ta tambaye ni me ya sa bakwai ɗina ta yi kama da ɗaya. Amma abin da ya fi komai nauyi shi ne alkawarin da nake yi wa kowa ranar farko: ko uwarka ce ta kira, ban san ka ba. Ko a kasuwa muka haɗu, ban san ka ba, sai in kai ka fara nuna ka san ni. Duk ma'aikaciyar da ta karya wannan, ba kora kaɗai ba ce, rajistarta ta jinya ma tana iya tafiya, ba asibitin da zai ƙara ba ta ko tsintsiya ta riƙe.

Gwajin da ke hannuna na maganin ciwon gaɓoɓin nan ne da ke kumbura wa mazanmu babban yatsan ƙafa, ka ga ƙato yana ɗingishi yana cewa wai a filin zari-ruga ya bugu. Shekara biyu ina gina shi. Na bi coci-coci, na sha koko, shayin cakulan ɗinmu na Samoa, a gidajen da ban ƙirga ba, kafin mutanenmu su yarda ba sayar da jininsu zan yi ba. Akwai kuma sharaɗi ga maza: tunda ba a san abin da maganin zai yi wa jariri ba, a kiyaye, in kuma matar mutum ta samu ciki, ya faɗa mana nan take.

To, ranar Talata sai ga ɗaya daga cikin mutanena, Lafaele. Mai gyaran wutar lantarki ne, dogo, faffaɗan ƙirji, cikin rigarsa ta aiki ruwan lemo. Ba zan ɓoye muku ba, Allah ya yi halitta a wurin. Yana da zanen gargajiya tun daga ƙugu har gwiwa, wanda ake kwana da kwanaki ana sara wa mutum, amma da ya ga allurata sai ya kau da kai yana kiran Yesu. Ranar ba shi kaɗai ya zo ba. Wata Baturiya ce a bayansa, siririya, da garin fulawa a takalminta.

"Wannan Shanelle ce," ya ce yana sosa ƙeya. "Kin ce in an samu... in abu ya faru a faɗa miki."

"Wata nawa?"

"Biyu da 'yan kwanaki," ta amsa da kanta. Sai ta kama hannuna. "Don Allah ki gaya min gaskiya, ɗan zai zo lafiya?"

Na kira likita, muka zaunar da ita muka yi mata bayani, ta yarda mu riƙa bibiyar cikin. Ta yi kuka, na miƙa mata tishu. Ban tambaye ta komai ba, ita ce ta yi ta zuba: a gidan burodi take aiki, shekara uku suna zaune tare a Ipswich, har sun fara faɗa a kan suna.

"Danginsa ba su san da ni ba tukuna," ta ce tana dariyar da ba ta kai ciki ba. "Ya ce sai bayan Kirsimeti."

A raina na ce, wace Kirsimetin a ciki? A fili kuwa na ce Allah ya raba lafiya, na ɗaure masa hannu na ɗebi jinina. Ya kuma rantse min ya daina cin jan nama.

Ranar Asabar da yamma saƙon Mama ya shigo. Muna gida ɗaya fa, tana falo ina ɗaki.

"GOBE KI SA SHUƊIN PULETASI. BA BAƘIN BA. BA MAKOKI ZA MU BA."

"Wa zai zo?"

"FALETUA DA ƊAN ƘANINTA. KI SAKI GASHINKI."

"Mama, na ce miki na gaji da wannan baje kolin."

Sai ta turo saƙon murya na minti huɗu. Ban saurara ba, na san abin da ke ciki: naƙudar da ta sha a kaina, da jikokin Anti Sose guda tara. Faletua ita ce matar fastonmu, kuma a cocinmu in ta ce ga miji, ko faston ba ya cewa a sake dubawa.

Lahadi bayan an taso coci muka shimfiɗa abincin rana a gareji, kamar kullum. Mota tana waje tana shan rana, mu muna ciki da tabarmi da tebur da fanka biyu da hoton marigayi Baba da aka rataya wa furen roba. Gwaza, ɗanyar ayaba da madarar kwakwa, palusami, wato dafaffen ganyen gwaza, yana tururi, taliyar sapasui cike da tukunya, naman gwangwani, kifi, da rabin alade. Wai abincin mutum biyar ke nan. Na sa shuɗin puletasin, riga da zanenmu na gargajiya, rigar ta matse ni a hammata, zanen yana share ƙasa. Ƙanwata Leitu ta sa ruwan hoda, ta maƙala fure a kunne. Shekararta ashirin da huɗu, renon yara take yi a makarantar ƙanana, kuma irin mutanen nan ce da tallan sabulu ma yake sa su hawaye. Ko ce mata ka yi teku ta ƙafe, sai ta tambaye ka ina kifayen suka koma.

Mota ta tsaya. Faletua ta fito da farar hularta mai faɗin faranti. A bayanta wani dogo cikin farar riga da baƙin zane mai aljihu, ɗauke da kwalin kek.

Jama'a. Lafaele.

Na bi shi da ido baki buɗe. Shi kuwa kwalin ne ya kusa suɓuce masa. Tabon allurata ma yana nan a gwiwar hannunsa bai gama bajewa ba.

"Ga Fuatino, likitarmu," in ji Mama, har da rausayar da kai. "Kun taɓa haɗuwa?"

Na zuba masa ido, don a ƙa'ida shi zai fara. Ya juya wajen Mama.

"A'a, Mama. Yau na fara ganin ta."

Tabɗi! Mutumin da na san nauyinsa, da hawan jininsa, da sau nawa yake tashi fitsari da dare. Na miƙa masa hannu na ce, "Sannu da zuwa, bawan Allah."

Aka yi addu'a, doguwa, har palusami ya huce. Faletua ta buɗe baki ta fara tallar hajarta. Yaro ne mai tsoron Allah. Ba ya sha, ba ya yawo. Yana zaune a Ipswich da abokan aikinsa, maza zalla, abin tausayi, ba mai dafa masa.

"Ayya," na ce. "Maza zalla? Lallai yana shan wahala."

Mama ta taka min ƙafa ta ƙarƙashin tebur.

"Kuma dangi sun gama magana," Faletua ta ci gaba, "ƙarshen shekara za a naɗa shi matai, shugaban dangi, a can gida Savai'i, sarautar kakansa. Sai dai mu a gidanmu ba ma son naɗa tuzuru. A ga dai yarinya 'yar mutunci a gefensa, 'yar coci, wadda aka san iyayenta."

Shi kuwa gogan naku ya sunkuyar da kai yana aiki. Mama ta tula masa naman gwangwani, ya cinye. Ta ƙara masa alade, ya cinye. Wanda ya daina cin jan nama ke nan. Ina zaune ina kallon sakamakon jinin wata mai zuwa yana lalacewa a gabana, ba halin in ce uffan.

Na tashi kawo ruwa, Mama ta biyo ni kicin ta turo ƙofa.

"To? Kin ga mutum ko?"

"Na gani. Bai yi min ba."

"Me ya rasa? Ido ko hanci?"

"Bai dai yi min ba, Mama."

"Dalili nake tambaya."

Dalilin yana bakina, yana ƙona min harshe. Kalma biyar ta isa. Na kalli fuskarta, na tuna ko awa ɗaya ba za a yi ba labarin zai kai Auckland ya dawo, da sunana a jiki. Na ce, "Ba dalili."

"Ba dalili!" Ta tafa hannu. "Na sani ai. Takardun bangon nan ne suka hau miki kai. Kowa bai isa ba. Wancan gajere ne, wancan yana tauna da ƙarfi, wannan kuma ba dalili. To ki zauna, ki auri firizar asibitin." Ta ɗauki jug ɗin ruwan daga hannuna. "Dama Faletua ta ce ko wacce a cikinku. Leitu ba ta da digirin da zai hana ta ganin mutumin kirki."

Kafin in ce wani abu ta fice. Wayata ta yi ƙara. Leitu ce, daga gareji.

"Yaya, Mama ta ce wai ba kya so. Da gaske?"

"Da gaske. Ke ma ba kya so."

"Kai Yaya. Kin ga yadda ya ɗauke wa Faletua jaka? Kin ga hannunsa?"

Na ga hannunsa, ƙanwata, har jijiyar ciki na sani.

"Leitu, ki bar maganar nan."

"Ke dai ki rantse ba kya so, kada in shiga hakkinki."

"Na rantse."

Ta jero min zuciyoyi har layi biyu.

Da na koma, an riga an canza wurin zama. Leitu tana gefensa tana zuba masa koko, yana ba ta labarin yadda wuta ta taɓa jan sa a kan sanda, ta dafe ƙirji kamar yanzu abin yake faruwa. Ya karɓi lambarta a gaban idona. Raina ya ɓaci. Na tattara ƙasusuwa a leda na ce, "Baƙonmu, taimaka min da murfin bola, yana da nauyi." Murfin roba ne, ko yaro zai ɗaga. Mama ta bi mu da kallo.

Muna zagayawa bayan gida na juyo.

"Kai, ba ka da kunya?"

"Na rantse ban san gidanku ba ne. Gwaggo ce ta ce in raka ta cin abinci."

"To yanzu ka sani. Ka koma ka ce kana da mata, tana da ciki, ka ɗauki kek ɗinka ku tafi."

"Ba ki gane ba, Tino. In suka ji yanzu, Baturiya, ba aure, ga ciki, sarautar nan ɗan kawuna za a ba. Mahaifina har ya mutu maganarta yake."

"Sai ka yi da ƙanwata?"

"Ba abin da zan yi mata. Mu ɗan fita, a gan mu a coci, Gwaggo ta samu natsuwa. In an yi naɗin sai in san yadda zan yi."

Kun ji fa. Zai san yadda zai yi. Wata shida Leitu tana zaɓen kalar kayan ƙawayen amarya, waccan baiwar Allah tana can tana murza fulawa da ciki, shi kuma yana nan yana sanin yadda zai yi.

"Zan faɗa mata," na ce.

Ya dube ni, ba fushi, ba tsoro. Da ma tsawa ya yi min da ya fi min sauƙi.

"Ba za ki faɗa ba. Ke kika zaunar da ni kika ce ko uwata ce ta kira, ba ki san ni ba. Na yarda da ke, shi ya sa na kawo miki Shanelle."

Ya rufe bolar a hankali, ya koma ciki. Na tsaya a wurin ina jin warin ƙashin kifi. Abin da ya fi ƙona min rai, gaskiya ya faɗa. In na buɗe baki, ba aikina kaɗai zai tafi ba. Duk dattawan da na sha kokonsu na ce sirrinsu yana hannuna, gobe ba wanda zai ƙara miƙa wa asibiti hannu. In kuma na yi shiru, na miƙa masa Leitu da hannuna.

Na koma gareji. Faletua tana goge baki, fuskarta fal annuri.

"To, mun gode Allah. Lafaele, ranar Juma'a sai ka zo ka ɗauki Leitu ku je ku ci abinci a bakin kogi, ku saba."

Leitu ta sunkuyar da kai tana murmushi, tana wasa da furen kunnenta.

"Ni zai ɗauka," na ce.

Duk suka juyo suna kallona.

"Me kika ce?" in ji Mama.

"Na ce ni zai ɗauka. Ni aka kawo wa shi, ni ce babba. Mun yi magana a waje, na ga ashe mutumin kirki ne." Na juya na sakar masa murmushi har kunne. "Ko ba haka ba, Lafaele? Ai muna da abin tattaunawa da yawa."

Kokon da ke bakinsa ya sarƙe shi, ya hau tari. Ba shi da bakin cewa a'a, don in ya ce ƙanwar yake so bayan yayar ta amsa a gaban manya, Faletua da kanta za ta ja masa kunne har mota. Kuma a wurinmu, namijin da aka taɓa gani da yaya ya haramta ga ƙanwa har abada, ko da fita ɗaya ce. Abin da nake so ke nan.

Mama ta daka tsalle ta rungume ni, tana kuka tana kiran sunan Baba. "Na san 'yata tana da hankali! Likita ce fa!" Faletua ta ɗaga hannu sama ta fara waƙar godiya, tana laluben wayarta da ɗaya hannun. Kafin a kwashe kwanuka na san rabin coci sun ji.

Na kuma san abin da ke jirana da safe. Ma'aikaciya ba ta fita da wanda ke cikin gwajinta, ko da wasa. Dole in shiga ofishin likita in faɗa da bakina, a cire ni, a miƙa wa wani aikin da na yi shekara biyu ina ginawa, ya ƙarasa ya sa sunansa. Wannan na haɗiye shi, da ɗaci, amma ya wuce.

Leitu ce ban shirya mata ba. Ba ta yi kuka ba, ita da ke kuka a kan komai. Ta tashi ta tattara kofuna, ta yi wa Faletua sallama da ladabi, ta shige ɗakinta. Muna jin waƙar Mama daga kicin saƙonta ya shigo.

"Kin rantse min."

Na zauna a bakin gado da shuɗin puletasina ina kallon wayar.

"Na tambaye ki, Yaya. Sau biyu. Da kin ce kina so, wallahi ko kallonsa ba zan yi ba."

Na rubuta, "Leitu, yana da". Yatsana ya tsaya. Bango ɗaya ne tsakaninmu, ina jin motsinta, na san tana ganin alamar ina rubutu, tana jira. Na goge. Na sake rubutawa, na sake gogewa.

"Ki faɗa min dalili kawai," ta turo. "Ko mene ne zan yarda."

Kuma za ta yarda ɗin, shi ne abin da ya sa ni hawaye. Na share fuskata da gefen zane, na rubuta mata abin da ya rage min.

"Na canza ra'ayi ne."

Ta karanta. Can sai na ji ta tashi, ta taka zuwa ƙofarta, ta murza makulli. Tunda aka haifi yarinyar nan ba ta taɓa kulle min ƙofa ba.